Wutar da Ke Dafa Dutse

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Tun muna yara muke jin wannan karin magana, galibi a bakin manya idan suna son su kwantar mana da hankali, har sabo ya hana mu tsayawa mu dubi abin da ke cikinta. In an lura da kyau, maganar girki ake yi, girki kuwa ba ya yiwuwa sai da wuta. Ashe ke nan Bahaushen da ya ƙago wannan magana bai ɗauki mai haƙuri a matsayin mai sanyin jiki ba. Ya ɗauke shi mutum ne mai wuta a ƙarƙashin tukunyarsa, wutar da ta daɗe tana ci ba ta mutu ba, ba ta kuma tashi ta lashe ɗakin girkin ba. To, wace irin wuta ce wannan, kuma yaya ake riƙon ta?

Akwai mutanen da suka shafe ɗaruruwan shekaru suna nazarin wannan tambaya, wato mabiya Buda na Indiya da Tibet, da kuma mabiya tafarkin Tao na ƙasar Sin. A da sai a finafinan Indiya da na 'yan Sin muke hango ƙurarsu. Yanzu kuwa ga Cibiyar Al'adun Sin a cikin Abuja, ga bikin ranar yoga ta duniya da ake yi kowace 21 ga Yuni tun daga 2015, ga kuma masu koyar da dabarun numfashi sun cika intanet. Wannan maƙala za ta dubi abin da waɗannan mutane suke nufi da wutar da ke cikin ɗan Adam, sannan ta auna shi da abin da muke da shi a gida. Aƙidarsu tasu ce, tamu kuma tamu ce. Amma a al'adarmu ba abin kunya ba ne a aiki yarinya da kasko ta ɗebo wuta a maƙwabta, kuma wanda ya ɗebo wuta tuwon gidansa yake tuƙawa da ita.

Wutar da aka ce a kashe

Buda, wanda sunansa na asali Siddhartha Gautama, ya rayu a arewacin Indiya wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Daga cikin wa'azozinsa da suka fi shahara akwai wanda ya yi a kan wani tudu kusa da garin Gaya, a jihar Bihar ta yanzu, ga mutum dubu waɗanda kafin nan ibadarsu ita ce hidimar wutar tsafi. Da yake wuta suka sani, sai ya yi musu magana da ita. Ya nuna musu cewa idon mutum da kunnensa da harshensa da tunaninsa duk suna cikin gobara, kuma wutar iri uku ce: ta kwaɗayi, da ta ƙiyayya, da ta ruɗu. Babban burin mabiyinsa shi ne nirbana, kalmar da asalin ma'anarta ita ce mutuwar wuta.

Wani abin lura shi ne, a harshen Pali da aka adana koyarwarsa, kalma ɗaya ce take nufin makamashi, take kuma nufin ƙanƙame abu. Wato abin da mutum ya ƙanƙame a zuciyarsa, dukiya ce ko muƙami ko gaba, shi ne itacen da ke ciyar da wutarsa. Duk wanda ya taɓa kwana yana saƙa da warwara a kan wata baƙar magana da aka gaya masa da rana ya san gaskiyar wannan. Mai maganar ya yi barcinsa, shi kuwa yana ta iza itace har asuba.

Sai dai kuskure ne a ɗauka Buda yana kiran mutane zuwa ga mutuwar zuciya. Shi kansa ya yi shekara shida yana azabtar da jikinsa da yunwa, daga baya ya bar wannan hanya ya kama tsaka-tsaki. Bugu da ƙari, kalmar da littattafansu suke siffanta mai himma a halwa da ita daga tushen kalmar zafi ta fito. Ke nan tun daga farko akwai zafin da ake gudu, akwai kuma wanda ake nema.

Wutar da ake hurawa

Mabiya Buda na Tibet su suka fito da wannan zafi na biyu fili. Suna da wani aiki da suke kira tummo, wanda yake ɗaya daga cikin darussa shida da ake jingina wa Naropa, wani malamin Indiya na ƙarni na 11. Marpa ne ya ɗauko su ya kai Tibet, shi kuma ya koyar da almajirinsa Milarepa. Mai yin tummo yakan zauna ya miƙe bayansa, ya ja numfashi ya riƙe shi a mara kamar an rufe tulu, sannan ya sawwara wani ɗan siririn harshen wuta a ƙasan cibiyarsa, yana hawa a hankali ta tsakiyar jiki zuwa ka. Abin da suke nema shi ne wannan zafi ya narkar da ƙulle-ƙullen zuciya, har hankali ya wayi gari garau, ya daina ɗaukar son rai a matsayin gaskiya.

Labarin Milarepa kansa shi ne mafi kyawun sharhin wannan aiki. Kamar yadda tarihinsa da aka rubuta a ƙarni na 15 ya kawo, mahaifinsa ya rasu yana yaro, sai baffansa da gwaggonsa suka cinye gadon, suka mayar da shi da mahaifiyarsa bayi a gidan ubansa. Uwar ta tura shi ya koyo sihiri, ya rushe gida a kan 'yan biki, mutum 35 suka hallaka. Da nadama ta kama shi sai ya nufi Marpa, shi kuwa Marpa bai koya masa kome ba sai da ya sa shi ya yi ta gina benaye da dutse yana rushewa, har bayansa ya yi gyambo. Bayan haka ne ya shiga kogunan duwatsun Himalaya, inda ya zauna cikin ƙanƙara da mayafin auduga ƙwaya ɗaya, abin da ya jawo masa laƙabin repa, wato mai sanye da auduga. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce, ina zafin zuciyar da ya kashe mutum 35 ya tafi? Bai tafi ko'ina ba. Mutumin da ya iya ƙullatar baffansa shekara da shekaru shi ne ya iya zaman kogo shekara da shekaru. Marpa bai zuba wa wutar ruwa ba, murhu ya gina mata.

Masana kimiyya sun auna wannan zafi. A 1982 Dakta Herbert Benson na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa wasu sufayen Tibet uku a Dharamsala ta Indiya, inda suka ga ɗumin yatsun hannu da na ƙafa ya ƙaru da abin da ya kai digiri 8.3 a ma'aunin Salshiyos. A 2013 kuma Maria Kozhevnikov ta Jami'ar Ƙasa ta Singafo da abokan aikinta suka ba da rahoton cewa zafin jikin wasu masu tummo a gabashin Tibet ya kai digiri 38.3, wato kamar na mai ɗan zazzaɓi. Wannan ya tabbatar da cewa abin ba tatsuniya ba ce. Amma su malaman tummo alama kawai suka ɗauki ɗumin jiki, kamar yadda hayaƙi yake alamar an hura wuta a gida. Ma'aunin zafi zai iya gaya mana yatsan mutum ya yi ɗumi, ba zai iya gaya mana ko ya yafe wa baffansa ba. Masu tallar dabarun numfashi a intanet sun ɗauko hayaƙin sun baro girkin.

Tanderun mutanen Tao

A ƙasar Sin abin ya biyo ta wata hanya dabam. Tun da daɗewa wasu mabiya Tao suke neman maganin dawwama, suna dafa zaiba da dalma da wasu ma'adinai a cikin tanderu. Sakamakon bai yi kyau ba. Littattafan tarihin daular Tang sun danganta mutuwar sarakuna da dama ga shan irin wannan haɗi, cikinsu har da Muzong a shekarar 824, da Wuzong a 846, da Xuanzong a 859. Sun nemi su tsere wa mutuwa, sai suka saye ta da kuɗinsu. A hankali sai malaman Tao suka mayar da aikin cikin jiki. Tanderun ya koma mara, numfashi ya zama zugazugi, niyya ta zama wuta, abin dafawa kuwa shi ne ƙarfin jiki da numfashi da hankalin mutum. Zhang Boduan, wanda ya rasu a 1082, yana cikin manyan waɗanda suka tsara wannan ilimi a rubuce.

A wurinsu zuciya wuta ce, ƙoda kuma ruwa. Ɗabi'ar wuta ta yi sama, ɗabi'ar ruwa ya gangara ƙasa, don haka in aka bar mutum da halinsa sai kansa ya ɗau zafi, ƙasansa ya yi sanyi, su rabu ba abin da ya dahu. Aikin mai halwa shi ne ya juya lamarin, ya saukar da wutar ƙasa ya ɗora ruwan a kanta, kamar yadda kowace mace take yi a madafa. Daɗin daɗawa, sun raba wuta gida biyu, da kalmomin da har yau masu girki a Sin suke amfani da su: wutar barde, mai ƙarfi, da wutar malami, mai taushi. Akwai lokacin da ake iza wuta, akwai lokacin da ake janye itace a bar garwashi ya ƙarasa aiki. Sanin wannan lokaci suka ɗauka shi ne sirrin sana'ar, kuma sun ce ba a samun sa a takarda, sai a gaban malami.

Wani labari na tarihi ya nuna inda wannan tunani ya dosa. A 1222 Jangiz Khan, wanda ya ci ƙasashe da yaƙi tun daga Sin har Farisa, ya gana da wani tsohon malamin Tao mai suna Qiu Chuji a yankin duwatsun Hindu Kush, bayan ya aika an ɗauko shi tun daga gabashin Sin. Sarkin ya tambaye shi maganin dawwama. Tsohon ya gaya masa gaskiya cewa akwai hanyoyin kiyaye lafiya, amma babu maganin mutuwa, sannan ya yi masa nasiha da ya rage sha'awa da zubar da jini. Mutumin da ya ƙone birane ya zo neman ƙarin wuta, aka ce masa ya janye itace.

Tukunyar Ladi Kwali

Ba sai mun je Sin ba kafin mu ga wannan ilimi a aikace, domin yana cikin aljihunmu, a bayan takardar naira 20. Hoton da ke wurin na Ladi Kwali ne, maginiyar tukwane da aka haifa wajen 1925 a Kwali, wadda a yau take ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya. Ta koyi ginin tukwane a hannun gwaggonta bisa al'adar Gbagyi, har Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya riƙa tara tukwanenta a fadarsa. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Baturen nan Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta kuma rasu a 1984.

Ladi ta san wuta iri biyu. Ta san ta gargajiya, inda ake jera tukwane a fili a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa a cinna. Ta kuma san ta rufaffen tanderu, wadda zafinta yakan haura digiri 1,200, ta mayar da yumɓu kamar dutse. Amma ko wacce aka ɗauka, dokar ɗaya ce. Ba a jefa ɗanyar tukunya cikin wuta mai ƙarfi, domin ruwan da ya rage a jikin yumɓun zai zama tururi ya fasa ta. Sai an bar ta ta bushe, an ɗumama ta sannu a hankali, sannan a iza. In kuma an ji tsoron wutar aka bar tukunyar ba gashi, ranar da aka zuba mata ruwa za ta narke ta koma laka. Wutar da ta yi gaggawa ɓarna ce, wadda ta gaza ita ma ɓarna ce. Abin da Zhang Boduan ya rubuta da alƙalami, matan Kwali sun san shi da hannu.

Haƙuri da mutuwar zuciya

Mai karatu zai iya cewa duk wannan zance ne na waɗanda suka ƙoshi. Me ya haɗa ɗalibin da yake kokawa da kuɗin mota daga Gwagwalada zuwa cikin gari da wani sufi a kogon ƙanƙara? Zai iya ƙarawa da cewa kalmar haƙuri ta daɗe tana zama bargon da ake lulluɓe zalunci da shi. A ci gadon maraya a ce ya yi haƙuri, a hana ma'aikaci haƙƙinsa a ce ya yi haƙuri. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma bai kamata a kau da kai daga gare shi ba.

Amsarmu ita ce, abin da azzalumi yake nema a wurin wanda ya zalunta sunansa mutuwar zuciya, ya ari sunan haƙuri ne kawai ya laƙaba masa. Harshenmu ya bambanta su sarai. Muna zagin mai zafin rai, amma muna yabon mai zafin nama. Muna son mai sanyin hali, amma ba mai ba da 'yarsa ga mai sanyin jiki. Idan aka ce wane ba shi da zuciya, ba yabo ba ne. Malamanmu ma a kan haka suke. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, wato kusan zamani ɗaya da Milarepa da Zhang Boduan, ya bayyana cewa manufar tarbiyyar rai ba tumɓuke fushi da sha'awa ba ce, manufar ita ce a mayar da su ƙarƙashin hankali da shari'a, domin wanda ba shi da fushi sam ba zai kare gaskiya ba. Abin sha'awa, shi ma da sunan kimiyyar narka ma'adinai ya kira ɗaya daga cikin littattafansa, wato Kimiya'us Sa'ada. Mutum uku a ƙasashe uku, ba wanda ya san da wani, aƙidunsu sun sha bamban, amma duk suka ga ɗan Adam a matsayin ɗanyen abu da ke bukatar wuta mai ƙa'ida.

Mun ga abin da rashin wannan ƙa'ida yake haifarwa. Bayan sanarwar cire tallafin man fetur da aka yi a Dandalin Eagle na Abuja ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin abinci da na sufuri ya yi tashin gwauron zabo. Ranar 1 ga Agusta, 2024 matasa suka fito zanga-zanga a Abuja da Kano da Kaduna da wasu garuruwa. Fushin yana da dalili, yunwa kuwa ba ta san lallashi ba. Amma a wasu wurare abin ya rikiɗe ya koma fashe-fashe da kwasar ganima, aka rasa rayuka, aka kafa dokar hana fita a Kano, cikin kwanaki kaɗan kome ya lafa, farashin kuma bai sauko ba. Wutar kara ke nan, ta tashi sama kowa ya gani, kafin a ɗora tukunya ta zama toka.

Mu kwatanta wannan da Malam Aminu Kano, wanda wani babban titi a Wuse yake ɗauke da sunansa. Ba wanda zai ce Malam ba shi da zafi a kan zaluncin da ake yi wa talaka. Amma tun daga jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, ya yi ta karantarwa, yana rubutu, yana shiga zaɓe ana kayar da shi, ana ɗaure magoya bayansa, har zuwa 1979 lokacin da jam'iyyarsa ta PRP ta ci kujerun gwamna a jihohin Kano da Kaduna, gwamnatocin kuma suka soke harajin ka da jangali. Kusan shekara 30 tukunya tana kan wuta. Wannan shi ne dafa dutse, kuma ba mai sanyin jiki da zai iya shi.

Kammalawa

Abin da muka tsinta a wannan ɗan yawo shi ne, wutar da Buda ya ce a kashe da wadda 'yan Tibet da mutanen Tao suke hurawa daga tushe ɗaya suke. Bambancin yana ga abin da ake ciyar da ita, da inda aka ajiye ta, da abin da aka ɗora a kanta. In makamashinta ƙulli ne da kwaɗayi, ba ta da murhu, to mai ita za ta fara ci. In kuwa an tsare ta da duwatsu uku, wato manufa da ƙa'ida da malami, ita ce za ta ɗauki ɗalibi daga ajin farko zuwa na ƙarshe, ta riƙe ma'aikaci a kan gaskiya ranar da kowa yake karɓar na goro.

Saboda haka akwai nauyi a kan ɓangarori biyu. Mu malamai da iyaye, idan muka ga yaro mai zafin kai, kada mu yi gaggawar zuba masa ruwa don mu huta da fitinarsa, domin watakila shi ne mai wutar da gidan yake bukata. Mu ba shi dutsen da zai dafa, kamar yadda Marpa ya ba almajirinsa. Mu ɗalibai kuma, mu tambayi kanmu kowane dare me muka iza a zuciyarmu yau, kuma me ya dahu da shi. Iyayenmu mata a karkara ba sa barin wuta tana ci bal-bal su kwanta, ba sa kuma kashe ta. Sukan tattara garwashin su binne shi a toka, mai wucewa ya ɗauka murhun ya mutu. Da asuba sai a tone, a ɗora 'yan kirare a hura, a dama koko, maƙwabta kuma su aiko a sam musu.